Farin tabon ruwa bisa fentin mota: da tsami ake fitar da shi, ba da ƙarfi ba

Ranar kasuwar Badagishiri, tun da hantsi tasha take cika. Motocin Tawa suna sauke fasinja, na Birnin Ƙonni da Illela suna lodi. Manyan motoci suna jiran bisashe a bakin kara. Ƴan kabu-kabu sun jera baburansu. A gefe guda kuma ga samari masu wankin mota, kowa da bokitinsa da sosonsa. Suna wanki cikin rana. In sun gama sai su bar rana ta busar.

Da la'asar mai mota ya dawo. Ƙura ta tafi, laka ta tafi. Amma jikin motar ya yi ɗige-ɗige fari kamar jikin zabo. Sai ya sa a sake wankewa. Da an zuba ruwa sai ɗigon ya ɓace. Da ruwan ya bushe sai ya dawo inda yake. Daga nan yaro zai ɗauko garin sabulu da soson ƙarfe. Wani ma har ya dangwalo yashi da tsumma, ya yi ta dirza. Ɗigon zai ragu, gaskiya ne. Amma bayan ƴan watanni fentin ya dushe, ya yi kamar tsohuwar tasa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. A karkara abin hawa jari ne. Wani albasar shekara ya saida ya sayi babur. Wani sa biyu ya kai kasuwa. Wani bashi ya ci ya sayi mota don jigila tsakanin kasuwanni. Ranar da buƙata ta taso aka kai abin kasuwa, mai saye fenti yake fara dubawa kafin ya ji kukan inji. Fentin da ya dushe yana rage kuɗi. Inda fenti ya ɓare kuma, nan tsatsa take shiga.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne wannan: farin tabon nan ba dauɗa ba ne. Dutse ne. Ba a fitar da shi da ƙarfi, sai da tsami.

Mene ne wannan tabo?

Ruwan rijiya, ko da ya yi garau, ba ruwa ne zalla ba. Akwai abubuwan da suka narke a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda sukari ke ɓacewa cikin shayi. Babba daga cikinsu shi ne farar ƙasa. Masana suna kiran sinadarin da ke cikinta kalsiyom. Shi ne ke cikin ɓawon ƙwai da ƙashi da katantanwa. Yana da abokin tafiya mai suna maganeziyom.

In ɗigon ruwa ya tsaya bisa ƙarfe mai zafi, rana takan ɗauke ruwan. Amma rana ba ta ɗaukar dutse. Sai farar ƙasar ta rage, ta yi zobe daidai girman ɗigon. Ɗigo dubu, zobe dubu. Shi ya sa ƙarin wanki da ruwan nan ba ya magani. Kowane wanki sabon dutse yake ƙarawa bisa tsohon.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce in farar ƙasar da ke cikin lita guda ta wuce kimanin miligaram 200, ruwan yakan fara barin ɓawo a tukunya da bututu. A yi lissafi. Bokiti mai lita 20 na irin wannan ruwa yana ɗauke da garam 4, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi. In an bar shi ya bushe bisa mota, wannan cokali guda ne aka barbaɗa ma fenti.

Kada wannan ya tada hankalin kowa game da sha. Farar ƙasar da ke cikin ruwa ba cuta ba ce ga mutum ko dabba. Tsabtar ruwan sha zance ne dabam. A nan maganar fenti ake yi.

Daga ina dutsen ya fito?

Ƙasar Adar tana zaune bisa farin dutse. Masana ƙasa sun ce fiye da shekaru miliyan 50 da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki. Ƙananan halittun ruwa suka mutu, ɓawonsu ya taru, ya daskare, ya zama dutsen farar ƙasa. Har yanzu akan tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a gangaren tsaunukan Adar. Wannan dutse ne ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, domin da shi ake yin siminti.

Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. In ya nutse cikin ƙasa ya ratsa farin dutse, sai ya riƙa lasar dutsen sannu a hankali, ya tafi da shi cikin rijiya. Ke nan tsami ne ya shigar da dutse cikin ruwa tun farko. Tsami ne kuma zai ɗaga shi daga bisa fenti.

Rijiyoyi ba duka ɗaya suke ba. Ta fadama dabam, ta tudu dabam, foraji mai zurfi dabam. A gari guda ana iya samun rijiya mai barin tabo da wadda ba ta bari sosai. Wasu kuma jan tabo suke bari ko rawaya. Wannan alama ce ta ƙarfe cikin ruwan.

Akwai kuma ƙurar siminti. Motar da ke lodi a Malbaza, da wadda ke bin manyan motocin siminti a hanyar Tsarnawa zuwa Tawa, da wadda aka ajiye kusa da wurin gini, duk suna kwasar wannan ƙura. Muddin tana bushe, ƙura ce kawai. In raɓa ko yayyafi ya sauka bisa kanta, sai ta kama, ta yi tauri, domin aikin siminti ke nan. Irin wannan ƙura ba a barinta ta kwana. A ɗauraye ta da ruwa mai yawa tun ba ta daskare ba.

Yadda ake gane ruwa mai barin tabo

Ba sai an je Yamai ba. Alamomin suna cikin gida.

Na ɗaya, a duba cikin butar shayi ko tukunyar dafa ruwa. In akwai farin ɓawo manne a gindi, ruwan yana da dutse.

Na biyu, a duba sabulu. In ba ya kumfa da sauri, kuma wani farin abu yana tasowa bisa ruwan wanki, ruwan yana da dutse. Mata sun daɗe da sanin rijiyar da ke cin sabulu.

Na uku, a ɗiga ruwan bisa madubi ko gilashi mai tsabta, a aje a rana. A gefe a ɗiga ruwan sama. In sun bushe a kwatanta.

Wanda ke son ya ga aikin tsami da idonsa, ya sa ɓawon ƙwai cikin kofi, ya matsa lemun tsami a kai. Zai ga ƙananan kumfa suna tasowa. Ɓawon ne ke narkewa. Abin da ke faruwa ga tabon mota ke nan.

Fentin mota hawa-hawa ne

Fentin mota ba shafi guda ba ne. Akwai shafin farko bisa ƙarfe, mai hana tsatsa. Akwai shafin da ke daidaita jiki. Akwai shafin launi, fari ko ja ko shuɗi. Daga sama kuma akwai shafi na ƙarshe wanda ba shi da launi, garau yake kamar gilashi. Masu fenti suna kiransa berni. Shi ne ke ba mota ƙyalli. Shi ne kuma ke tare ma launi zafin rana.

Tsofaffin motoci da yawa ba su da berni. Irin su Peugeot 404, da 504 wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar can a 1975, yawancinsu launi da ƙyalli a haɗe suke cikin shafi guda. Daga shekarun 1980 ne berni ya yaɗu. Yau kusan duk motar da ta fito daga masana'anta tana da shi, haka ma tankin babura da yawa.

Ana iya ganewa. A sa ɗan man goge fenti bisa farin tsumma, a goga a wani ɓoyayyen wuri. In launin motar ya fito bisa tsumman, babu berni. In tsumman bai ɗauko launi ba, akwai berni.

Abin lura shi ne rashin kaurinsa. In an raba milimita guda kashi 1000, kashi guda ake kira mikoron. Duk shafe-shafen fentin masana'anta in an haɗa su yawanci suna tsakanin mikoron 100 da 150. Berni kaɗai bai wuce 40 zuwa 50 ba. Takardar littafin lakwal ta fi shi kauri. Silin gashin kai ma sau da yawa ya fi shi. Kuma berni ba fatar mutum ba ne. In ya goge ba ya tofowa. Duk wanda ya sa masa yashi, abin da bai kai kaurin takarda ba ne yake kankarewa.

Tabo iri uku ne

Iri na farko shi ne sabon tabo. Yana zaune bisa berni, bai kama ba. Na jiya ne ko na shekaranjiya. Wanki mai kyau cikin inuwa da gogewa da busasshen tsumma sau da yawa sun ishe shi.

Iri na biyu shi ne wanda ya kama. Ya yi makonni rana tana gasa shi. In an shafa da yatsa ana jin kaushi. Sabulu ba ya ɗaga shi. Wannan shi ne na tsami.

Iri na uku shi ne wanda ya ci berni. Dutsen ya daɗe, zafi ya taimaka masa, har ya yi ɗan rami mai siffar zobe. Ko an cire dutsen, zoben yana nan, domin yanzu rauni ne cikin bernin kansa. Tsami ba ya cike rami.

Zafi ne ke mayar da iri na farko ya zama na uku. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin Ƙonni yakan wuce digiri 40 a inuwa. Murfin injin baƙar mota da ke tsaye a rana yakan kai digiri 70. Cikin irin wannan zafi berni yakan yi ɗan laushi, dutse ya samu wurin kamawa. Baƙar mota da shuɗiya sun fi nuna tabo. Farar mota tana ɓoye shi, amma yana nan.

Yadda ake fitar da shi

Kayan aikin ba su da tsada. Ana buƙatar bokiti biyu, da sabulu mai laushi, da tsumma uku masu tsabta, da ruwan tsami. Tsohuwar rigar auduga mai laushi ta isa, muddin an cire maɓallai da ɗinki mai kauri. Akwai kuma tsumman goge mota mai laushi da ake saidawa a shagunan kayan mota, ya fi kyau in an samu.

Ruwan tsamin da ya fi dacewa shi ne binegar, farin nan marar launi da ake zuba ma salati. Tsaminsa yawanci kashi 5 zuwa 8 ne cikin ɗari. A auna kofi guda na binegar da kofi guda na ruwa mai kyau, a haɗa. In mai ƙarfi ne a ƙara ruwa. Inda babu binegar, lemun tsami yana aiki. A matse, a tace da ƙyalle, a haɗa kashi guda da ruwa kashi biyu. Lemun tsami ya ma fi dacewa da jan tabon ƙarfe. Ruwan tsamiya ma yana da tsami, amma yana da launi da danƙo, sai in babu wani.

Ga yadda ake yi, bi da bi.

Na ɗaya, a kai motar inuwa. A taɓa jikinta da bayan hannu. In da zafi a jira ta huce. Sassafe ko bayan la'asar ya fi.

Na biyu, a watsa ruwa a kore ƙura kafin tsumma ya taɓa fenti. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi. Wanda ya goga busasshen tsumma bisa ƙura, fentin yake karta.

Na uku, a wanke da sabulu daga sama zuwa ƙasa. Bokiti guda na ruwan sabulu, guda na ɗauraye tsumma, don kada yashin da aka kwaso ya koma jikin mota. A ɗauraye, a tsane.

Na huɗu, a gwada ruwan tsamin a ɓoyayyen wuri, kamar ƙasan ƙofa. In fenti bai sake ba, a ci gaba.

Na biyar, a jiƙa tsumma da ruwan tsami, a shimfiɗa bisa tabon. A ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin faifai. A bari minti guda zuwa biyu. Kada a bari ya bushe. Sai a shafa a hankali, ba dirza.

Na shida, a ɗauraye da ruwa sosai, a goge da busasshen tsumma nan take, a duba. In da saura a sake, sau biyu ko uku. Sa'an nan a matsa gaba.

Kada a bar tsami ya kwanta bisa robar gilashi, ko bisa ƙarfe tsirara, ko inda fenti ya tsage, domin yana tada tsatsa. In ya taɓa su a ɗauraye. In aka yi da lemun tsami a ƙara ɗauraya, domin yana barin danƙo.

Tsami yana wanke kakin da ke kare fenti. Saboda haka in an gama, a shafa kakin mota siriri, a bari ya yi fari, a goge da tsumma mai laushi. Kaki riga ce. Tabon da zai zo gaba bisa kaki zai zauna, ba bisa berni ba. A ƙasa mai zafi kaki ba ya daɗewa. A sabunta shi bayan wata biyu ko uku.

In tsami bai fitar ba

In an yi sau uku, wurin ya yi santsi amma zoben yana nan, to iri na uku ne. Ƙarin tsami ba zai ƙara kome ba. Maganinsa man goge fenti ne, wanda masu garaji ke kira folish. Cikinsa akwai gari mai laushi ƙwarai da ke rage berni kaɗan har bakin ramin ya daidaita. A sa kaɗan bisa tsumma, a goga wuri ƙarami da hannu, a share, a duba.

Amma a tuna, kowane gugan folish rage berni yake. Ba abin yi ba ne kowane mako. A yi hattara da kusurwa da bakin ƙofa, domin nan fenti ya fi siranta. In launi ya fara fitowa bisa tsumma a motar da ke da berni, a tsaya, an huda. Ramin da farce ke maƙalewa a cikinsa ya fi ƙarfin hannu. Wannan aikin mai fenti ne da injinsa. Gara a bar ɗan zobe da a huda berni.

Akwai kuma motar da berninta ya riga ya mutu. Rufinta da murfin injinta sun yi fari-fari, suna saɓa kamar maciji. Wannan ba tabon ruwa ba ne. Rana ce ta ƙone shi. Tsami ko folish ba su da abin yi a nan, sai sabon fenti.

Abubuwan da ba a sa ma fenti

Yashi da toka da soson ƙarfe da reza: duk suna karce berni.

Kanwa: kishiyar tsami ce. Ba ta narkar da farar ƙasa, sai ma ta ƙara nata farin.

Garin sabulun wankin tufafi: yana da kaifi, yana cinye kaki, in ya bushe ya bar nasa tabon.

Fetur da gazuwal da baƙin mai: wasu suna shafa su don ƙyalli. Ƙyallin na yini guda ne. Suna ɓoye tabo, suna kama ƙura, suna lalata roba. Ruwan birki kuwa cin fenti yake yi.

Ruwan asid na batir: wannan shi ne mafi haɗari. Wani zai ce tunda tsami ake nema, ga mai ƙarfi. A'a. Yana ƙone fenti da ƙarfe da tufa da fata, yana makantar da ido. Kada a kusance shi. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa, a nufi likita. Kada kuma a haɗa binegar da ruwan jabel, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Ba fenti kaɗai ba

Gilashin gaba ya fi fenti muhimmanci, domin nan rai ne. Da rana tabonsa ba ya damun direba sosai. Da dare, in fitilar babbar mota ta haska shi, sai kowane zobe ya watsa haske, gilashin ya yi fari fat. A daidai lokacin ne amalanke marar fitila ko garken awaki ke tsallaka kwalta. Gilashi yana jure tsami fiye da fenti. A goge shi da ruwan binegar, a ɗauraye, a tsane. Haka fitilu da madubin gefe, da gilashin hular kwano ta mai babur. Tankin ruwan wanke gilashi kuma a zuba masa ruwan sama, domin ruwan rijiya yana toshe ƙananan ramukansa.

Farantin hasken rana shi ma gilashi ne. Masu lambu da ke jan ruwa da shi, da masu cajin waya, sukan wanke shi da ruwan rijiya su bar shi ya bushe. Farin ɓawon da ke taruwa yana tare haske, wuta ta ragu, famfo ya yi sanyi. A wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi, a tsane da tsumma. Ruwa mai sanyi bisa gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Dutsen da ake gani a waje yana taruwa a ciki ma. Radiyatar da ake cikawa da ruwan rijiya takan yi ɓawo kamar butar shayi, hanyoyinta su toshe, inji ya riƙa zafi. Batir kuwa ba a ƙara masa sai tataccen ruwan batir, wanda babu asid a ciki. A tambayi mai shago da kyau, domin kwalaben suna kama da juna.

Rigakafi ya fi magani

Tabo ba ya samuwa sai ruwa ya bushe da kansa. Wanda ya riga rana tsane ruwan, ya gama da tabo. Ƙa'idar guda uku ce: inuwa, sanyin jiki, busasshen tsumma.

A wanke ɓangare guda, a ɗauraye, a tsane, sa'an nan a koma wani. Rumfa ta fi gindin itace, domin ƙaro da kashin tsuntsu su ma suna cin berni. In sun faɗo a jiƙa su a cire ranar.

Ruwan sama ba shi da dutse. Daga Yuni zuwa Satumba a tara shi daga rufin kwano. A bar na farko ya wuce da ƙura, a cika bido, a rufe. Ba sai an yi duk wankin da shi ba. A wanke da na rijiya, a yi ɗaurayar ƙarshe da lita uku ko huɗu na ruwan sama. Tafasa ruwan rijiya ma yana rage dutse in an bari ya kwanta aka tsiyaye na sama, amma yana cin itace.

Yayyafin farkon damana yana saukowa da ƙura. In ya jiƙa mota kuma rana ta fito, a ɗauraye a tsane. Kada a aje abin hawa inda shato ke ɗiga, ko inda ruwan ban-ruwa ke fantsama.

Ga samari masu wanki, wannan sana'a ce. Mai rumfa da tsumma mai tsabta da kwalbar binegar ba ya ƙara yawan ruwan da yake saye wurin ƴan garuwa. Yana ma ragewa, domin ba ya wanki sau biyu. Direban da ya ga motarsa ta fita ba ɗigo, shi zai dawo mako mai zuwa, ya kuma kawo abokinsa.

A nisanci rijiya da kwami

Akwai masu kai babur ko mota har bakin rijiya ko tabki su wanke, don gudun ɗaukar ruwa. Wannan kuskure ne. Ruwan wankin mota yana ɗauke da sabulu da baƙin mai da fetur. In ya gangara kwamin shayar da bisashe ko ya koma rijiya, dabba ta sha, mutum ya sha. Baƙin mai kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa. Rigima tsakanin mai mota da makiyayi takan tashi daga abin da bai kai wannan ba.

A ɗebi ruwa a yi nisa da rijiya. A zaɓi wurin da ruwan wankin ba zai gangara fadama ko lambu ba. Masu gari da kwamitin kula da rijiyoyi suna iya keɓe wurin wanki ranar kasuwa, a kafa rumfa. Kowa zai amfana.

A taƙaice

Farin tabo dutse ne da ruwan rijiya ya bari. Berni bai kai kaurin takarda ba, kuma ba ya tofowa. Sabon tabo, wanki da tsanewa. Tabon da ya kama, binegar ko lemun tsami, minti biyu, a ɗauraye. Tabon da ya yi rami, folish kaɗan ko mai fenti. Ban da yashi, ban da kanwa, ban da asid. A wanke a inuwa, a tsane kafin rana ta tsane.

Abin da aka saya da guminsa, mutum shi ya san zafinsa. Wanda ya karanta wannan ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna, a cibiyar karatun manya, a tasha, da wurin hira. Ya kuma kai ma yaron da ke wanke masa babur, domin tsumman a hannunsa yake.